Yadda Ake Ɗinka Murfin Tantin Saman Mota da Zai Jure Rana da Ƙurar Jigawa

Wata Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, wata Hilux ta tsaya a gaban rumfata da wani abu kamar ƙaton akwati a kan kariyar ɗora kaya da ke samanta, an nannaɗe shi da igiya. Mai motar likitan dabbobi ne, yana bin rugage yana yi wa shanu allura, wani zubin ya yi kwana uku bai ga gari ba. Ya ce, "Malam, ka taɓa ɗinka wa irin wannan riga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in hau in gani tukuna."

Tanti ne na saman mota, irin wanda ake ninkewa gida biyu kamar littafi, katifa a ciki, tsanin alminiyom a kwance a bayansa. A Italiya aka fara ƙera irinsa don sayarwa a ƙarshen shekarun 1950, daga baya ya yaɗu a Afirka ta Kudu da Ostireliya. A nan wajenmu masu aikin daji ne ke da shi: masu awon ƙasa, masu haƙa rijiyar burtsatse, da masu zuwa kallon tsuntsaye a Baturiya. Idan an ninke shi, murfi ɗaya ne na tamfol ke tsakaninsa da rana da ruwa da ƙura.

Abin da na gani a saman motar shi ya sa nake wannan rubutu. Tsakiyar tamfol ɗin lafiya lau yake. Amma da na goga farce a kan ɗinkin, sai zaren ya zube kamar gari. Kusurwa huɗun duk sun huje, kuma daga ciki suka huje, ƙarfen tantin ne ya cinye su. Akwai ramuka biyu daidai inda ƙafafun tsani ke kwanciya. Zik ya daina kamawa. Da muka buɗe, katifar ta yi fari fat da ƙura. Ruwan sama bai yi wa murfin nan komai ba. Rana ce ta ci zare, iska ta yi ta kaɗa shi yana gogar ƙarfe, ƙura kuma ta ƙarasa zik. Duk wanda zai ɗinka sabo, da waɗannan ukun zai yi kokawa.

Sayen tamfol

Ka nemi tamfol irin na tirela, wato saƙar zaren poliyesta da aka lulluɓe da robar PVC ciki da waje. Ana auna shi da nauyin murabba'in mita ɗaya. Giram 650 ya isa, har zuwa 900 ma yana yi, sai dai mai kaurin yana wahalar da keke, kuma da sanyin safiya yakan ƙage. Shuɗin tamfol ɗin nan na leda da ake shanya riɗi a kai, kada ma ka kalle shi: gam ba ya kama shi, rana kuma na ruɓar da shi da wuri. Haka tsohon allon talla da ake yayyankawa ana sayarwa, yawancinsa bai kai nauyin na tirela ba, kuma ya riga ya sha ranarsa a bakin titi. Araha ba ta ado.

In ka shiga Kano wajen masu tamfol, kada ka tsaya ga abin da baki ya faɗa. Ka roƙi ɗan ƙyalle. Ka ninke shi ka danne da yatsa sosai, ka buɗe. In farin layi ya fito ko ya tsage, robar ta bushe, tsohon kaya ne. Ka ɗan tsaga bakinsa da almakashi ka ja da hannu biyu; mai kyau zai ƙi tafiya, za ka ga zaren saƙar a tsakiya yana riƙe. Sannan ka ɗora abin da aka yanka maka a sikeli. Mita 2.2 da mita 2 na mai giram 650 ya kamata ya kusa kilo uku. In ka ga kilo biyu, ba shi aka ba ka ba.

Ka nemi mai faɗin mita biyu da rabi in akwai, za ka ga dalili a wajen yanka. Launi kuwa, ruwan toka ko ruwan ƙasa. Baƙi yana da kyau a ido, amma a watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, baƙin tamfol a saman mota ba ya taɓuwa da hannu. Wannan zafin ne ke fitar da man da ke sa robar laushi, ta taurare, ta tsuke, ta fara tsagewa.

Zare, wanda shi ne ran aikin

A nan mafi yawan maɗinka ke faɗuwa, kuma ba da mugun nufi ba. Mutum zai ɗauko zaren masu takalmi ko na masu saƙa koma a Haɗeja, ya ja da hannu ya ji ba ya tsinkewa, ya ce ya sami zare. Wannan yawanci nailan ne. Yana da ƙarfi yau, amma hasken rana na cin nailan fiye da yadda yake cin poliyesta. Zaren auduga kuma danshi ke ruɓar da shi. Abin da kake so shi ne zaren poliyesta mai kauri wanda aka shafe don kada ya warware, lamba V-92 ko V-138, wasu kamfanoni su rubuta Tex 90 ko Tex 135. Akwai wani zaren roba da ake kira PTFE da rana ba ta yi masa komai, amma yana da tsada kuma samunsa sai an yi oda.

In babu rubutu a jikin ƙullin, ka kunna ashana ka kai bakin zaren. Auduga za ta ci wuta ta bar toka, da wari irin na takarda. Poliyesta zai narke ya dunƙule, da baƙin hayaƙi. Nailan ma yana narkewa, sai dai hayaƙinsa kaɗan ne kuma ba baƙi ba. Zaren sama da na ƙasa duk su zama iri ɗaya.

Sauran kaya: zik lamba 10 mai manyan haƙoran roba, na kamfanin YKK in ka samu na ainihi; igiya mai kaurin da zai shiga ramin alminiyom ɗin tantin, inda ake zura gefe ɗaya na murfin, yawanci milimita 6 zuwa 8, ka tafi da tsohuwar ka gwada; gam na tamfol ɗin PVC; alli, tef na awo, da maƙalan shanya guda ashirin. Bel kuwa, ka je wajen masu tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano ka sayi bel ɗin kujera guda uku ko huɗu. Poliyesta ne, an saƙa shi don ya riƙe mutum a haɗari, ya fi duk wani bel na jaka da za ka samu.

Awo

Kada ka auna tsohon murfin, ya riga ya tsuke ya karkace. Tantin za ka auna. Ka ce wa mai shi ya saka duk abin da ya saba bari a ciki, bargo ne ko matashi ko gidan sauro, ya ninke, ya ɗaure da bel ɗin ciki, ya kwantar da tsani a inda yake kwanciya kullum. Da na tambayi likita, sai ya ce ai bargo biyu yake bari da hunturu. Waɗannan barguna sun ƙara tsayin da santimita huɗu. Da ban tambaya ba, da zik bai rufu ba a watan Janairu.

Ka auna faɗi da tsawo a katakon ƙasa. Tsayi kuwa ka auna shi a kowace kusurwa, da tsakiya inda tsani yake, don ɓangaren da ake ninkewa da ɓangaren baki ba sa zuwa ɗaya. Ka rubuta kowanne, ka zana hoton tantin a kwali, ka sa alamar inda gaban mota yake.

Na likita ya zo faɗi 140, tsawo 120, tsayi 34, duk da santimita. Na ƙara 2 kacal a faɗi, 2 a tsawo. Yarona ya ce, "Baba, ba za a ɗan sake masa ba, don ya yi sauƙin sawa?" Na ce masa sauƙin sawa shi ya kashe wancan. Ƙarfin iska a kan kaya yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Abin da ke bugun murfi a gudun kilomita 100 ya ninka na 50 sau huɗu. Duk inda ya yi sako-sako, can iska za ta kama ta yi ta kaɗawa daga Gumel har Kano, kowace kaɗawa gogar ƙarfe ce. Murfi ya zauna cif kamar fatar ganga, amma ba har sai an yi dambe kafin a ja zik ba.

Yanka

Ka shimfiɗa tamfol a rana kamar rabin sa'a ya saki jiki, sannan ka ja shi inuwa kan tabarma ko siminti mai tsabta, bayansa a sama. Ina yanka sama da gefe huɗu a falle ɗaya, siffar gicciye, don kada a sami ɗinki ko ɗaya a saman inda ruwa ke kwanciya da rana ke duka. Wannan ne amfanin mai faɗin mita biyu da rabi.

Lissafin na likita: faɗi 142, a ƙara tsayi sau biyu wato 68, a ƙara 5 na kalmasa kowane gefe wato 10, ya zama 220. Tsawo 122 da 68 da 10, ya zama 200. Ka zana murabba'in sama a tsakiya da alli. A kowace kusurwa za ka ga murabba'i 39 da 39 ya rage. Kada ka cire shi duka. Ka cire 37 da 37, ka bar 2 na ɗinki. In tsayin kusurwoyin ya bambanta, kowace ka bi awonta. Can cikin lungun da layukan biyu ke haɗuwa, kada ka shiga da almakashi ka bar tsini. Ka zagaye shi kaɗan, don daga tsini yagewa ke farawa. Waɗannan ƙyallaye huɗu da ka cire ka adana, yanzu za su yi aiki.

In mai faɗin mita ɗaya da rabi kawai ka samu, ka yanka gaba da sama da baya a falle ɗaya, gefe biyun ka yanka daban ka haɗa.

Ƙarfafa ciki kafin a haɗa

Wannan matakin ba a ganinsa daga waje, shi ya sa ake tsallake shi. Ka hau motar da samfefa ko zarto, ka shafa hannu a duk ƙarfen da zai taɓa murfi: kusurwar katako, kan kusoshi, ƙafafun tsani. Duk abin da ya karce maka hannu zai huda tamfol. Ka goge shi, ka rufe ƙafafun tsani da guntun robar cikin taya.

Sannan ka ɗora tamfol ɗin da ka yanka a kan tantin, ka danna da tafin hannu, ka yi alama inda kake jin ƙarfe. Daga ƙyallayen nan huɗu ka yanko faci masu zagayayyen baki, kowanne ya zarce wurin da santimita biyar ko fiye, ka manna su ta ciki: kusurwa huɗu na sama, inda tsani ke kwanciya, da layin gaba da iska ke fara duka. Ka goge wurin da sifirit, ka shafa gam a fuska biyu, ka jira ya daina kama yatsa sosai, ka haɗa, ka murza da gindin kwalba. Sholishon masu takalmi yana kamawa yau, amma man cikin robar da zafin rana na sa shi ya koma danƙo ya saki. Gam ɗin bututun ruwa kuma na busasshen PVC ne, yana taurara wurin. In kana da injin hura zafi, za ka iya narka fuskokin biyu ka danne su haɗe, wannan ya fi gam, amma ka koya a kan tarkace, kuma a waje, don hayaƙin PVC na cutar da ƙirji.

Ɗinki

Keken Butterfly na ɗinkin riga ba zai ja wannan ba. Keken masu kujera ko masu tamfol ake so, wanda ƙafarsa ke tafiya tare da ƙyalle. Allura lamba 22, wato 140. Ka buɗe taku ya kai milimita biyar zuwa shida. Tamfol ba yadi ba ne: duk ramin da allura ta yi ya zauna har abada, kuma in ramukan sun matsu da juna sun zama layin yagewa, kamar na takardar rasit. Saboda haka ba a kafa shi da fil, da maƙalan shanya ake riƙewa, ba a kuma farkewa a sake bin layi ɗaya. In robar na manne wa ƙafar keke, ka ɗan barbaɗa hoda. Ka gwada a kan tarkace ninki uku har ƙullin zaren ya ɓuya a tsakiya.

Ka fara da kusurwoyi. Ka haɗa fuska da fuska ka ɗinka, sannan ka kwantar da bakin gefe ɗaya ka sake bi ta waje da layi na biyu. Ina ne za ka kwantar? Wajen bayan mota, kullum. Ka tuna yadda ake baibayar jinka, na sama ya hau kan na ƙasa don ruwa ya gangare. A nan iska ce ke gangarowa daga gaba, to fallen gaba ya hau kan na gefe, kada ta sami baki ta shiga. Bayan ɗinki ka manna siririn tamfol mai faɗin santimita huɗu a kan layin ta ciki, ya toshe ramukan allura.

Gefen da ke shiga ramin alminiyom, ka naɗe igiyar a cikin kalmasa, ka ɗinka dab da ita har ta kasa motsi, ka ƙona bakinta biyu. Ka gwada zura ta kafin ka ci gaba. In ta yi tauri, ka shafa sabulu a ramin.

Zik yana zagaye sauran gefe ukun. Rabinsa a jikin murfi, rabinsa a jikin katakon tanti, kuma dole ka canja duka biyun, don haƙoran kamfani biyu ba sa cizon juna daidai. Ka fara kafa rabin ƙasa a jikin tantin, ka ɗora murfi, ka haɗa zik ɗin, ka kama rabin sama da maƙalai, ka yi alamar alli kowane taƙi guda. Sai ka sauke ka ɗinka kana bin alamun. Ka ɗinka shi ta ciki, sama da baki, yadda kalmasar za ta sauko ta rufe shi kamar marfin aljihu. Zik da ke fuskantar iskar hunturu tsirara ba ya daɗewa.

Ra'ayina dai, a ƙasarmu zik ba abin dogaro ba ne. In na ƙasan ya mutu kuma mai motar ba ya son kashe kuɗi, nakan bar shi gaba ɗaya: in tsawaita gefen ya shige ƙarƙashin katako da santimita takwas, in zura igiya a kalmasar a zuge kamar bakin wando, bel ya ƙarasa aikin. Ba shi da kyan gani kamar zik, amma ƙura ba ta da abin da za ta ci.

Bel biyu ko uku su ratsa saman murfin, ɗaya lallai kusa da gaba. Kada ka ɗinke su a jikin tamfol. Ka yi musu 'yan hannuwa da za su ratsa, kowane hannu da faci a ƙarƙashinsa ta ciki, su kuma a ɗaure su a jikin katakon tanti. Nauyin iska ya tafi kan bel, zik aikinsa rufewa kawai. A gefen baya, can ƙasa, ka huda ƙananan ramuka biyu don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.

Sawa da gwaji

Da rana tsaka ake sa sabon murfi, lokacin da ya yi laushi. Ka kwara masa bokiti biyu na ruwa, ka buɗe ka shafa ta ciki. Sannan ku hau titi. Mu mun bi hanyar Gumel, gilas a sauke, muka yi 40, muka yi 60, muka kai 80. Kunne ke wannan gwajin: in ka ji fat-fat-fat a sama, akwai inda ke kaɗawa. Mun ji kaɗan a 80. Da muka tsaya na ga iska na shiga ta ƙarƙashin gaba tana kumbura shi. Na matso da bel na gaba da taƙi ɗaya, na ƙara ɗan gajeren bel a tsakiyar gaban yana jansa ƙasa, ƙarar ta ɗauke. Bayan mako guda a sake jan bel ɗin, don sabon tamfol na ɗan miƙewa kafin ya zauna.

Kula da shi

Murfin da ba ya shigar da ruwa ba ya kuma fitar da shi. Wanda ya ninke tanti da raɓa ko bayan ruwan Agusta ya rufe, ya bar shi kwana uku a rana, zai buɗe ya tarar da funfuna. In dole ta sa an ninke shi a jiƙe, a buɗe a shanya da zarar an isa masauki.

Zik a share shi da tsohon burushin haƙori, a goga masa kyandir. Kada a sa masa baƙin mai ko giris, ƙura za ta manne ta zama kamar samfefa. Wanki da ruwa da sabulu mai sauƙi. Fetur da kalanzir suna tsotse man robar. A ajiye mota a inuwa, amma ba ƙarƙashin bishiyar da balbela ko jemage ke kwana ba, in kashinsu ya zuba a wanke da wuri. A daji direba ya riƙa tuna cewa motarsa ta ƙara tsayi: bagaruwa, aduwa, magarya da gawo duk ƙaya gare su, kuma reshen da ya saba wucewa ƙarƙashinsa yanzu zai ja layi a kan tamfol. In motar ta daɗe a ajiye, a leƙa ƙarƙashin kalmasa, zanzaro na son gina ɗaki a wurin, ɓera kuma na bin katifa.

Ragowar ƙyallen kada ka riƙe a shago. Ka yanka faci uku ko huɗu masu zagayayyen baki, ka haɗa da ɗan gwangwanin gam, ka ba mai motar ya ajiye a inda rana ba ta kai, ka nuna masa yadda ake yi: a wanke wurin, a bari ya bushe, faci ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kowanne ya zarce yagewar da santimita biyar, a ɗora abu mai nauyi a kai ya kwana kafin a hau titi. Likita ya yi amfani da na farko a dajin da ke gabashin Haɗeja, inda aduwa ta tsaga masa gefen hagu kamar tsawon yatsa. Da ya biyo ta wajena wata Alhamis ɗin na hau na duba facin, na ja bakinsa da farce bai ɗaga ba, sai na ƙara masa wasu biyu a cikin ledar.